Baƙin Rami a Sararin Samaniya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Katsina da Amsoshinsu

Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina. Tun ranar da hoton nan mai kama da zoben garwashi ya zaga wayoyin mutane a watan Afrilun 2019, tambaya a kan baƙin rami ba ta yanke mini ba. Ɗalibai su yi a aji, abokan hira su yi a majalisarmu ta bayan Isha'i a wajen Ƙofar Ƙaura, wasu kuma su turo ta WhatsApp da tsakar dare. Na lura kusan duk tsoro ɗaya ne a ƙarƙashin tambayoyin: an ɗauka wani dodo ne ke yawo a sama da baki buɗe, yana neman abin da zai haɗiye. Wannan fahimta tana damuna, domin tana rufe wa mutane abin da ya fi ban mamaki a lamarin. Ƙarfin da ke dawo da mangwaro ƙasa in ya tsinke daga reshe, shi ɗin ne dai yake aiki a baƙin rami, sai dai a can ya kai maƙurarsa. Ga tambayoyin yadda aka yi mini su.

Malam, wai mene ne baƙin rami? Rami ne na gaske kamar rijiya?

Sunan ne ke rikita mutane. Rijiyar Kusugu tana da baki, tana da bango, tana da gindi, kuma ta sama kawai ake zura mata guga. Shi baƙin rami dunƙulalle ne kamar ƙwallo, ta duk inda ka ɓullo masa ciki za ka faɗa. Wuri ne da nauyi mai yawan gaske ya matsu cikin ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin jansa ya kai babu abin da ke iya fitowa, ko da haske ne.

Ɗauki dutse ka cilla sama, zai dawo. Ƙara ƙarfi, zai ƙara nisa, amma dai zai dawo. Sai ya tashi da gudun kilomita 11.2 cikin sakan ɗaya kafin ya rabu da duniya gaba ɗaya. To a ce an matse duniyar nan da duwatsunta da tekunanta, ba a rage mata komai ba, har ta koma girman 'yar magarya, faɗinta bai cika santimita 2 ba. A jikin wannan ɗan abu, gudun da ake bukata don a tsere ya kai na haske, wato kusan kilomita 300,000 a sakan. Tunda babu abin da ke wuce haske gudu, hanyar fita ta rufe ke nan. Wani limamin coci ɗan Ingila, John Michell, ya yi irin wannan lissafi tun 1783, aka manta da shi fiye da shekara ɗari. Sunan da ake kiran abin da shi yanzu, John Wheeler ne ya yaɗa shi a 1967.

Girmansa na bin nauyinsa: kowane nauyin rana ɗaya na ba da kilomita 3 daga tsakiya zuwa baki. Wanda ya ninka rana sau 10, faɗinsa duka kilomita 60 ne, bai ma kai daga nan zuwa Daura ba. Wannan bakin shi nake kira iyakar rashin komowa. Babu katanga a wurin, babu fata, babu wata alama. Iyaka ce ta hanya kawai: daga wajenta ana iya juyowa, daga cikinta ba a iyawa.

Kullum kana cewa yana lanƙwasa sarari da lokaci. Yaya za a lanƙwasa abin da ba a taɓawa?

Nan ne gindin maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Newton, a 1687, ya ce kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa daga nesa, ya kuma ba da lissafin da har gobe ake harba roka da shi. A watan Nuwamban 1915 Einstein ya zo da wani bayani da ya fi wancan zurfi. Ya ce sarari da lokaci a saƙe suke da juna, kamar zaren tsaye da zaren kwance a hannun masaƙi, ba ka ja ɗaya ɗayan bai motsa ba. Abu mai nauyi yana lotsa wannan saƙa, sauran abubuwa kuma suna bin lotsawar.

A aji nakan sa ɗalibai huɗu su riƙe kusurwoyin zanin gado su ja shi ya miƙe, in ɗora kabewa a tsakiya, sannan in ba wata ɗaliba lemon tsami ta gara ta gefe. Lemon yakan karkata ya zaga kabewar sau ɗaya ko biyu kafin ya gangara. Duk shekara sai aji ya ɗauki sowa a daidai wurin. Amma nakan gaya musu gaskiya cewa misalin yana da rauni, domin zanin bai nuna lokaci ba, alhali lokacin shi ne rabin maganar.

Ga wanda na fi so. Mutum biyu su kama hanya, ɗaya daga Katsina, ɗaya daga Maiduguri, kowa ya miƙe arewa ɗoɗar, ba dama ba hagu. Suna tafiya tazarar da ke tsakaninsu na raguwa, har su yi karo a ƙuryar arewacin duniya. Wa ya ja su zuwa ga juna? Babu. Doron da suke takawa ne a lanƙwashe. Haka duniyarmu take game da rana: iyakar miƙewar da za ta iya take yi, hanyar ce ta lanƙwashe ta zama kewaye.

A baƙin rami lanƙwasar ta yi tsananin da, in ka wuce iyakar nan, duk hanyar da ka ɗauka tsakiya take kai ka. Wanda ya fara fitar da wannan daga lissafin Einstein shi ne Karl Schwarzschild, Bajamushe, yana sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya a fagen Rasha, makonni kaɗan bayan Einstein ya fitar da aikinsa. An buga a farkon 1916, shi kuma ya rasu a watan Mayun wannan shekara.

An taɓa gwadawa aka gani, ko lissafi ne kawai a takarda?

An gwada, kuma kusa da mu aka yi. Duk Bakatsinen da ya yi wayo a lokacin yana tuna safiyar Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta kisfe gaba ɗaya. Ina tsaye a tsakar gidanmu, na ga kaji sun nufi akurki, iska ta yi sanyi, masallatai suka ta da sallar kisfewa, Zara ta fito tar da hantsi. Irin wannan duhu na 'yan mintuna ne masana suka yi amfani da shi ranar 29 ga Mayu 1919. Arthur Eddington ya je tsibirin Principe da ke tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wasu abokan aikinsa suka je Sobral a Brazil, suka ɗauki hoton taurarin da ke daf da gefen rana. Aka ga sun ɗan goce daga mazauninsu, domin haskensu ya karkata da ya zo wucewa ta kusa da rana, kamar yadda Einstein ya ce.

Karkatar da rana ke yi wa haske ƙanƙanuwa ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na digiri ba. A kusa da baƙin rami kuwa akwai wurin da haske ke zagayawa ya dawo inda ya taso.

Daga ina suke fitowa?

Ƙananan daga mutuwar manyan taurari. Tauraro yana tsaye ne tsakanin abu biyu masu ja-in-ja: nauyinsa na danna shi ciki, zafin wutar nukiliyar da ke cikinsa na tura shi waje. Tauraron da ya ninka rana kamar sau 20 ko fiye yakan yi ta ƙona makamashinsa hawa-hawa, daga haidirojin zuwa hiliyom, zuwa kabon, har ya kai ga ƙarfe. Ƙarfe ba ya ba da wuta. Daga nan sai cibiyar ta rufta cikin ƙasa da sakan ɗaya, kamar ginin ƙasa da ruwa ya ci gindinsa. Subrahmanyan Chandrasekhar, ɗan Indiya, yana da shekara 19 a 1930 ya gano cewa akwai nauyin da gawar tauraro ba ta iya ɗauka, kusan ninki 1.4 na rana. A 1939 Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder suka nuna cewa in nauyin ya yi yawa ruftawar ba ta tsayawa.

Sai manya, masu nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, da ke zaune a tsakiyar kusan kowane babban gungun taurari. Namu gungun yana da nasa, mai nauyin rana kusan miliyan 4.

Yaya, don Allah gaya mini gaskiya, zai iya zuwa ya haɗiye duniya?

Ƙanwata ce ta turo wannan da ƙarfe ɗayan dare, bayan ta kalli wani bidiyo. Ki kwantar da hankalinki. Mafi kusa da aka sani, wanda aka gano a 2022 ana kiransa Gaia BH1, yana da nisan shekarun haske kusan 1,560, kuma shekarar haske ɗaya kilomita tiriliyan 9.5 ce. Rana kuma ba ta da nauyin da za ta zama baƙin rami.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: baƙin rami ba ya zuƙa. Da za a ɗauke rana yau a ajiye baƙin rami mai nauyinta daidai a gurbinta, bayan minti 8 za mu shiga duhu, sanyi ya biyo baya, amma duniya za ta ci gaba da kewayenta na kwana 365, ba ta matsa ciki ko taku ɗaya ba. Daga nesa, jansa daidai yake da na kowane abu mai irin nauyinsa. Bambancin shi ne ƙanƙantarsa tana ba ka damar matsowa kusa ƙwarai, kuma a kusan ne abin yake ɓaci. Shi kansa Gaia BH1 akwai tauraro irin ranarmu da ke zaga shi duk wata shida, lafiya lau.

To abin da ya matso kusa, me ke samunsa?

Wannan ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, domin a nan ake ganin abin da ba a zata ba: wurin da ya fi ko'ina duhu shi ke kunna fitilun da suka fi kowanne haske a sama.

Da wuya abu ya faɗa kai tsaye. Kusan duk iskar gas ɗin da ta nufo shi tana da ɗan gudu ta gefe, don haka sai ta kama zagaye, ta baje ta zama kamar faifai. Na ciki ya fi na waje sauri, suna gugar juna, gugar tana haifar da zafi. Duk wanda ya tsaya wurin mai wasa wuƙa a kasuwa ya ga tartsatsin da ke tashi tsakanin ƙarfe da dutsen inji ya ga ƙaramin misalinsa. A cikin faifan baƙin rami mai nauyin tauraro zafin yakan kai digiri miliyoyi, har ya riƙa fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Ta wannan haske aka tsinci Cygnus X-1 a 1964, wanda daga baya ya zama baƙin rami na farko da masana suka yarda da shi. Nauyinsa ya ninka rana kusan sau 21, kuma yana jan iska daga wani ƙaton shuɗin tauraro da suke zaga juna duk kwana 5.6.

Dubi lissafin ribar. Wutar nukiliyar da ke cikin rana tana mayar da kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na nauyin makamashinta zuwa haske da zafi. Faifan baƙin rami yana iya mayar da kashi 6, in kuma ramin mai juyawa ne da sauri har kusan kashi 40. Shi ya sa a 1963, da Maarten Schmidt ya auna nisan wani ɗigo mai kama da tauraro, 3C 273, ya tarar yana can nisan shekarun haske sama da biliyan 2. Haskensa ya ninka na dukan taurarin gungunmu fiye da sau ɗari, kuma baƙin rami ne mai cin abinci a tsakiyarsa.

Ba duka ne ma ke shiga ba. Maganaɗisun da ke cikin faifan yakan murɗe kamar igiya, ya kwashi wani kaso ya feso shi ta sama da ƙasa da gudun da ya kusa na haske. Na wani gungun taurari mai suna M87 tsawonsa ya kai shekarun haske 5,000, kuma tun 1918 Heber Curtis ya hango shi bai san mene ne ba. A lura, daga wajen iyakar feshin ke tasowa, ba daga ciki ba. Irin wannan feshi yana ɗumama iskar da ke kewaye ya hana ta dunƙulewa ta haifi sababbin taurari, ke nan ramin yana da hannu a yadda gungunsa ke girma.

Wani lokaci tauraro guda ne ke ratsowa kusa da babban rami, sai a yage shi ya zama dogon zare. Kusan rabinsa ya faɗa zagaye, rabin a cilla shi waje.

In mutum ne ya faɗa fa?

Ya danganta da girman ramin. A ce ƙafa ce a gaba. Ƙafar ta fi kai kusa da tsakiya, don haka ta fi jin ja, kuma ana matse kafaɗu ta gefe. A ƙaramin rami wannan bambanci yana da ƙarfin da zai miƙar da jiki kamar taliya 'yar murji tana fitowa daga inji, tun da sauran ɗaruruwan kilomita a kai iyakar. A ƙaton rami irin na M87 kuwa, wanda daga tsakiyarsa zuwa baki ya kai kilomita biliyan 19, bambancin ja tsakanin kai da ƙafa bai kai a ji shi ba. Mutum zai ƙetare iyakar bai sani ba. Yagewar tana jiransa a can ciki.

Da gaske ne lokaci yana tsayawa a wurin?

Bari in fara da wayar da ke hannunka. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama nisan kilomita kusan 20,000, inda jan duniya ya fi rauni. Agogunansu suna riga agogunanmu na doron duniya da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, bayan an cire ɗan jinkirin da gudunsu ke jawowa. Da ba a gyara wannan ba, taswirar wayarka za ta riƙa kuskure na kusan kilomita 10 duk kwana ɗaya. Duk mai awon fili da ke kafa dutse da GPS yana aiki da lissafin Einstein ne. An ma auna abin a doron ƙasa a 1960, a wata hasumiya mai mita 22 a Jami'ar Harvard. Ke nan agogon da ke saman hasumiyar Gobarau yana riga wanda ke gindinta, da ɗan abin da rayuwar mutum duka ba ta isa ya lura ba.

A bakin baƙin rami wannan ɗan abu ya zama babba. Jirgin da ya iya tsayawa cak a sama da iyakar da kashi 1 cikin ɗari na tsawon da ke tsakaninta da tsakiya, shekararsa ɗaya shekara 10 ce ga wanda ke nesa.

Yanzu ɗauki wa da ƙane. Wan ya tsaya nesa, ƙanen ya sauka da tocila yana ƙyasta ta duk sakan ɗaya. Da farko wan yana ganin ƙyastawar a kan kari. Sannu a hankali tazarar ta fara tsawo, sakan biyu, minti, awa. Hasken ya koma ja, ya dushe, ya ɓace. Har abada wan ba zai ga lokacin da ƙanensa ya ƙetare ba. Shi kuwa ƙanen agogonsa na bugawa yadda ya saba, zuciyarsa ma haka, kuma ya ƙetare cikin ɗan lokaci. Ɗalibai kan tambaye ni wanne ne a cikinsu ya faɗi gaskiya. Dukansu. Babu agogo ɗaya da ke rataye a sama yana yi wa kowa hukunci, kowace hanya da nata lokacin. Na shekara da shekaru ina koyar da wannan, kuma har yau in na kai nan sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya shiga, ina yake zuwa?

Yana ƙara wa ramin nauyi, iyakar ta ƙara faɗi. Daga waje abu uku kawai ake iya aunawa a jikinsa: nauyi, juyawa, da cajin lantarki. Zuba masa tan ɗaya na gero ko tan ɗaya na zinariya, sakamakon ɗaya ne.

A ciki, lissafin Einstein yana kai komai zuwa wani wuri da lanƙwasar ba ta da iyaka, a nan lissafin kansa yake karyewa. Roger Penrose ya tabbatar a 1965 cewa in dai ruftawa ta kai wani mataki, ba makawa sai an isa wurin nan, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2020. Karyewar alama ce ta cewa ana bukatar nazarin da zai haɗa na Einstein da na ƙananan ƙwayoyin zarra, kuma a kansa masana ke aiki yanzu. Zancen cewa ƙofa ce zuwa wata duniya, babu wani abin da aka hango a sama da ke goyon bayansa.

Ka ce wani yana juyawa. Me ya rage a ciki da zai juya?

Tauraron da ya haife shi yana juyawa, kuma abu in ya tsuke juyinsa ƙaruwa yake. Roy Kerr ɗan New Zealand ya fitar da lissafinsa a 1963. Abin mamakin shi ne yana jan sararin da ke kewaye da shi ya juya tare da shi, kamar muciya a tukunyar talge. Daf da iyakar akwai yankin da babu injin da zai iya tsayar da kai wuri ɗaya, dole ka bi juyin.

In baƙi ne, yaya aka yi aka gan shi har aka ɗauki hoto?

Kamar yadda ake gane guguwa da ƙura da ledar da take ɗauka. Hanyoyi uku suka fi ƙarfi.

Ta farko taurari. Tun shekarun 1990 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ƙarƙashin Reinhard Genzel da madubin hangen nesa a Chile, ɗaya ƙarƙashin Andrea Ghez a Hawaii, suke bin taurarin da ke tsakiyar gungunmu. Wani mai suna S2 yana zaga wani wuri da ba a ganin komai duk shekara 16. A 2018 da ya zo mafi kusa, gudunsa ya haura kilomita 7,000 a sakan. Daga kewayensa aka lissafa nauyin abin da yake zagawa. Su biyun suka raba Nobel ta 2020 da Penrose.

Ta biyu hoto. A Afrilun 2017 aka haɗa na'urorin rediyo takwas, a Chile, Meziko, Sifaniya, Hawaii, Arizona da ƙuryar kudancin duniya, suka kalli wuri ɗaya a lokaci ɗaya, suka zama kamar faranti guda mai faɗin duniya. Bayanan sun yi yawan da intanet ba ta iya ɗauka, sai a jirgin sama aka yi jigilar ma'ajiyansu. Ranar 10 ga Afrilu 2019 aka nuna na M87, mai nauyin rana biliyan 6.5, a nisan shekarun haske miliyan 55. Ƙanƙantarsa a sama kamar a hango lemo a doron wata ne. Zoben iskar gas ce mai zafi da ramin ya lanƙwasa haskenta, duhun tsakiya inuwarsa ce. Launin garwashin masana ne suka sa, domin igiyar rediyo ba ta da launin da ido ke gani. Na gungunmu ya biyo baya ranar 12 ga Mayu 2022.

Ta uku ita ta fi girgiza ni. Ranar 14 ga Satumba 2015, na'urorin LIGO biyu a Amurka, ɗaya a Louisiana ɗaya a jihar Washington, kowace da hannuwa masu tsawon kilomita 4, suka ji sarari da kansa ya miƙe ya tsuke na kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Baƙaƙen ramuka biyu ne, mai nauyin rana 36 da mai 29, suka zaga juna suka haɗe shekaru biliyan 1.3 da suka wuce. In ka tara za ka sami 65, amma wanda aka haifa 62 ne. Nauyin rana uku ya tafi a matsayin kaɗawar sarari, kamar ruwan tafki in an jefa masa dutse. Kaɗawar ta ratsa duniya duka, har da mu da muke nan Katsina da hantsin wannan Litinin, ta canza tsawon hannuwan LIGO da abin da bai kai faɗin furoton ba, wato ƙwayar da ke cikin cibiyar zarra. Einstein ya yi hasashen irin wannan kaɗawa tun 1916.

Shi ma yana mutuwa?

A lissafin Stephen Hawking na 1974, e. Ya nuna cewa iyakar tana fitar da ɗan ɗumi, ramin yana raguwa a hankali. Mai nauyin rana zai ɗauki shekarun da za ka rubuta 1 ka bi ta da sifiri 67 kafin ya ƙare, alhali shekarun sararin samaniya duka biliyan 13.8 ne. Ɗumin ya yi ƙanƙantar da har yau ba a auna shi ba.

Na ji masu wa'azi suna cewa an ambace shi a Alƙur'ani. Me ka ce?

Wani dattijo, abokin mahaifina, ya tare ni da wannan bayan sallar Juma'a. Na ce masa, Baba, Allah ya ƙara lafiya, ayoyin da ake nufi su ne na 15 da 16 a Suratut Takwir. Malaman tafsiri na farko galibi sun fassara su da taurarin da ke ɓuya da rana su bayyana da dare, ko taurari biyar masu tafiya a cikin burujai. Ni ra'ayina, kada a ɗaure ma'anar aya a jikin binciken da ake sake wa gyara duk bayan shekaru, a bar tafsiri ga ma'abotansa. Shi kuma nazarin sama ba baƙo ba ne a garin nan. Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, daga ƙasar nan ya fita, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Malam, ta wane gefen sama namu yake? Ina so in nuna wa yarana.

Tsakanin Yuli da Satumba, ku jira daren da babu hadari kuma babu farin wata. In an ɗauke wuta a unguwa ya fi. Bayan Isha'i ku hau soro ko ku fita filin makaranta, ku ajiye waya, ku ba ido minti 15 ya saba da duhu, sannan ku fuskanci kudu. Za ku ga jerin taurari masu siffar kunama, da wani ja a ƙirjinta, da wutsiya a lanƙwashe. Shi ne burujin da malaman hisabi ke kira Aƙrab. A hagu da wutsiyar akwai Ƙaus. Tsakaninsu wani farin gajimare ya taso kamar hayaƙi ya ratsa sama, kuma a nan ya fi kauri. Ba hadari ba ne, taurarin gungunmu ne da suka yi yawan da ido ba ya rarrabe su.

Ka nuna musu wajen da ya fi kaurin, kaɗan sama da ƙarin kunamar ta hagu. Ƙurar da ke tsakani ta tare hasken tsakiyar, shi ya sa sai da igiyar rediyo da hasken da ke ƙasa da ja ake leƙa shi. Amma can bayan ƙurar yake, nisan shekarun haske kusan 26,000, S2 na kan hanyarsa ta komowa kusa da shi a 2034.